Jego a Manchester, babu Inna

Ranar Talata na haihu, cikin sanyin Janairu, washegari aka sallame ni. Da a Zariya ne, haihuwar fari a gidanmu zan yi wanka: ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma har kwana arba'in, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama. A nan kuwa daga ni sai maigida sai jaririya. Mun nema wa Inna biza ta zo zaman jego, aka hana ta, wai ba a gamsu za ta koma ba. Tsohuwar da ko Kaduna ta kwana biyu sai ta fara cigiyar awakinta!

Dole ta sa Inna ta koya wa surukinta wankan jariri ta WhatsApp. Mutumin da a gida ba ya iya ɗaga ido ya dube ta, sai ga shi durƙushe gaban baho tana cewa, "Tallafe mata wuya, Malam, a hankali." Ina kwance ina dariya, hawaye na zuba.

Mu tara Inna ta haifa. Ni biyu na yi na dakata, ba don ba na so ba. A gida yaro na kowa ne, akwai kaka, akwai gwaggo, akwai 'yar maƙwabta mai goyo. A nan gidan raino kaɗai ya ci mana fiye da fam 1,000 a wata, bizarmu kuma ba ta yarda mu karɓi tallafin gwamnati ba. Ni ina aikin jinya da dare, shi da rana. A bakin ƙofa muke gaisawa, in miƙa masa makulli ya miƙo mini yarinya.

Duk da haka mun yi sa'a, a 2021 muka zo tare. Tun watan Maris na 2024 an hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyali. Na san matan da mazajensu da 'ya'yansu ke Kano, aure ya koma na waya. Mata ta biyu kuwa dama ba a ba ta bizar aure. Wannan dokar, gaskiya, ba ta taɓa hana ni barci ba.

Kowace Juma'a Inna kan tambaya, "Yaushe za a yi wa Ummi da Abba ƙani?" Nakan ce Allah Ya kawo, in duba agogo, motar ƙarfe bakwai ba ta jira.