Yadda na raba wuƙar aljihu da tsatsa a Damagaram

Mutane da yawa a nan Damagaram suna ɗauka cewa tsatsa matsalar mutanen bakin teku ce, irin su Kwatano da Legas, inda iska take ɗauke da laima da gishiri duk shekara. Amma wanda ya daɗe yana riƙe da wuƙar aljihu ya san cewa ko a ƙasarmu, da ruwan sama ba ya wuce watannin Yuni zuwa Satumba, tsatsa tana samun hanyar shiga, domin abin da take bukata ɗan kaɗan ne, wato laimar da ta kwana a kan ƙarfe ba a share ta ba.

Wuƙar da na yi wa aikin irin wadda ake kira Douk-Douk ce, ƙirar garin Thiers na ƙasar Faransa, wadda aka fara ƙerawa a shekarar 1929 kuma ta bazu a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka. Ta kawuna ce, ta zo hannuna bayan ta yi shekaru a cikin jakar fata a ƙasan akwatin ƙarfe. Ƙotarta farantin ƙarfe ne da aka lanƙwasa biyu, ruwan wuƙar yana kwanciya a tsakaninsa idan an naɗe ta, saboda haka tsatsar ta ci ruwan wuƙar, ta ci cikin ƙotar, ta kuma kama mahaɗar da ke tsakaninsu har wuƙar ta ƙi buɗuwa.

Tsatsa tana fitowa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri da tsami kuma suna ƙara mata sauri. Wuƙaƙen da ake sayarwa a kasuwar Dole iri biyu ne ta wannan fuska. Akwai farin ƙarfe da ake rubuta wa "inox", wanda aka zuba wa sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin 100, shi ne yake yi wa ƙarfen wata rufa siririya da ido ba ya gani, wadda ke hana laima isa gare shi. Akwai kuma baƙin ƙarfe, irin na wuƙar kawuna da na wuƙaƙen da maƙeranmu suke ƙerawa, wanda ya fi saurin ɗaukar kaifi a kan dutsen wasi amma ba shi da wannan kariya. Mahauta da dukawa da yawa sun fi son na biyun, kuma ina tare da su, sai dai wanda ya zaɓe shi ya ɗauki wa kansa hidimar kula da shi.

Na fara da mahaɗar, domin ba a iya komai da wuƙar da ba ta buɗu ba. Na ɗiga mata kananzir, na ajiye ta ta kwana, washegari na riƙa motsa ruwan wuƙar kaɗan-kaɗan da tsumma a hannuna, ina ƙara ɗigo, jan ruwa mai kauri yana fitowa daga tsakanin ƙarafan, har ta buɗe gaba ɗaya. Ban yarda in sa filaya in finciko ta ba, domin tsatsa tana rage ƙarfin ƙusar da ke riƙe da wuƙa, kuma ƙusa ko sifirin (ƙarfen da ke danne ruwan wuƙar a buɗe ko a naɗe) da suka karye sun fi tsatsa wuyar gyara. Cikin ƙotar na share shi da tsinken sakace da tsohon buroshin haƙori, sannan na wanke kananzirin da sabulu.

Aikin ruwan wuƙar shi ne ya fi bukatar natsuwa. Na matse lemun tsami a cikin kofi mai zurfi, na ƙara jiƙon tsamiya don ya kai tsawon wuƙar, na tsoma ruwan wuƙar kawai, na bar ƙotar a waje. Tsamin yana narkar da jar tsatsa, amma ba ya bambance ta da lafiyayyen ƙarfe, idan ya gama da ita zai ci gaba da cin abin da ke ƙarƙashinta, kuma wurin da ya fi saurin lalatawa shi ne bakin kaifi, inda ƙarfen ya fi siranta. Saboda haka ban bar ta ta kwana a ciki ba. Ina fitar da ita bayan kamar rabin sa'a, in goge da soson ƙarfe mai laushi, in duba, in mayar idan da saura. Da na ga jan ya ƙare, sai na tsoma ta a ruwan kanwa, domin kanwa tana kashe tsami, sannan na ɗauraye ta da ruwan zafi mai tsabta, tun da ita ma kanwar gishiri-gishiri gare ta kuma bai kamata ta bushe a kan ƙarfe ba. Amfanin ruwan zafi shi ne yana ɗumama ƙarfen, sai sauran laimar ta tashi da kanta bayan an share. A wannan lokaci ƙarfen tsirara yake, kuma na ga da idona yadda wani ɗan rawaya-rawaya yake fara bayyana a kansa cikin ƴan mintoci, saboda haka mai ya kamata ya biyo baya nan take.

Wurin gugar ne na fi ganin ana ɓata wuƙaƙe masu kyau. Al'adarmu ita ce a caka wuƙa cikin rairayi ko a goga ta a kan siminti har ta yi fari, kuma gaskiya tsatsar tana fita, amma ƙarfen yana tashi da zane-zane masu zurfi waɗanda laima take maƙalewa a cikinsu, sai tsatsa ta dawo fiye da da. Na yi amfani da toka mai laushi da aka tankaɗe, na kwaɓa ta da ɗan mai, na riƙa gugawa da tsumma daga gindi zuwa tsini, wuƙar tana kwance a kan katako, bakinta yana kallon nesa da yatsuna. Na yi tunanin kai ta wurin masu wasa wuƙa da inji don a share ƴan ramukan da tsatsa ta bari, amma wani dattijon maƙeri da na nuna wa ita a unguwar Birni ya hana ni. Ya ce dutsen inji yana zafafa bakin wuƙa, kuma idan ƙarfen ya yi shuɗi to taurin da aka ba shi a wuta ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba ko da an wasa shi sau nawa. Ya ce in bar ramukan da ke jikin wuƙar muddin babu ja a cikinsu, waɗanda ke bakin kaifi kuwa in bi su da dutsen wasi da ruwa a hankali har su ɓace. Haka na yi, wuƙar ta ɗan rage faɗi, amma tana aske gashin hannu.

Daga wannan dattijo na fahimci abin da na ɗauka shi ne mafi muhimmanci a duk aikin, wato bambancin jar tsatsa da duhun da baƙin ƙarfe yake yi idan ana amfani da shi. Bayan na yanka albasa da tumatir da mangwaron Mirya da ita, ruwan wuƙar ya koma toka-toka, wani wurin har da shuɗi-shuɗi. Wannan duhu ba ya ɓarewa, ba ya cin ƙarfe zuwa ciki, hasali ma yana rage wa jar tsatsa wurin kamawa. Mai son wuƙarsa ta riƙa ƙyalli kullum yana goge wannan kariya ne da hannunsa, yana kuma cinye ƙarfen a banza. Ja mai garin da ke shafar yatsa shi ake yaƙa, duhu mai santsi kuwa a bar shi.

Kiyaye ta daga baya ya dogara ne ga sanin inda laima take fitowa. A watannin Afirilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, aljihun mutum yana jiƙe da gumi, gumi kuma ruwa ne da gishiri, saboda haka wuƙar da ta wuni a aljihu tana bukatar a buɗe ta da yamma a share. A lokacin layya, jini da gishirin nama suna shiga mahaɗa, kuma wanke wuƙa a naɗe ta nan take ya fi barinta da dauɗa illa, domin ruwan da ya shiga cikin ƙota ba ya samun iskar da za ta busar da shi. Ina barin tawa a rabin buɗe, a inda yara ba za su kai hannu ba, sai ta bushe sarai. A watan Agusta kuwa, ko ba a taɓa ta ba, laimar ɗaki kaɗai ta isa.

Game da mai, na gwada man gyaɗa tun da shi ne a kusa, na kuma ga yana yi wa wuƙar da ake amfani da ita kullum, amma idan ya daɗe yana yin danƙo da wari, ya riƙe mahaɗa. Baƙin mai na inji, wanda wasu suke shafawa, bai dace da wuƙar da ke taɓa abinci ba ko kaɗan. Abin da na tsaya a kansa shi ne ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a mahaɗa, da ɗan basilin ko man kaɗanya a ruwan wuƙar, a shafa sannan a share har ya zama ido ba ya ganinsa. Yawan mai yana da tasa matsalar, musamman da hunturu, lokacin da ƙura take shiga ko'ina, domin mai da ƙura idan suka haɗu a mahaɗa suna zama kamar garin dutsen wasi, suna cin ƙusar duk lokacin da aka buɗe wuƙar.

Jakar fatar da na samu wuƙar a ciki aikin dukawan garin nan ce, kuma ina son ta, amma na daina ajiye wuƙa a cikinta na dogon lokaci. Fata tana shan laima da damina ta riƙe, kuma bagaruwar da majema suke jima da ita tana barin wani sinadari da ke baƙanta ƙarfe idan ya jiƙe. Jakar ta fita ce, ranar kasuwa ko tafiya. Idan wuƙar za ta yi makonni ba a taɓa ta ba, ina naɗe ta cikin tsumman auduga mai ɗan maiƙo, in sa ta a kan kanta nesa da randa da bangon da ke tsatsafo, in kuma buɗe ta in duba mahaɗar a farkon damina da tsakiyarta.