Awon dalma a jinin yara: abin da aikin Anka ya koya mini

A 2010, da yara suka fara mutuwa a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma na jihar Zamfara, an ɗauka sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, don amai ne da jijjiga. Gwajin jini ne ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida. Yara aƙalla 400 suka rasu a Zamfara. Ni ina cikin masu aikin gwajin jini a Anka a wancan lokaci.

Na'urarmu LeadCare II ce. Za a zuba ɗan jini a kwalbar magani, a ɗiga a kan tsinken awo, a jira minti uku. Amma ba ta karanta abin da ya haura mikirogiram 65 na dalma a kowace desilita ta jini, sai dai ta nuna an wuce iyaka. Yawancin yaran farko haka ta nuna mana. Dole muka riƙa sirka jininsu da jinin da aka tabbatar ba shi da dalma sosai, mu sake awo, mu ninka sakamakon.

Wurin ɗaukar jinin ma abin lura ne. Yaron da ya wuni yana rarrafe cikin ƙurar niƙa, ƙarƙashin farcensa cike yake da dalma. In aka tsaga yatsa ba a wanke da sabulu da kyau ba, ƙurar za a auna tare da jinin. Shi ya sa na fi amincewa da jinin jijiya kafin a yanke hukunci.

Daga mikirogiram 45 ake fara ba da maganin DMSA mai jawo dalmar ta fita ta fitsari. Nan ne fassarar lamba ke da wuya. Wata uwa da na faɗa mata awon ɗanta ya sauka ta ce, "Malam, ya warke ke nan?" Na ce, "Baiwar Allah, da sauƙi, amma ki dawo da shi." Dalma tana maƙalewa a ƙashi, ta riƙa komawa cikin jini bayan an gama magani. In kuma ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidan an zuba sabuwa ba, yaron zai koma ya sake haɗiya. Bagega, wani garin da gubar ta shafa, sai 2013 aka tsabtace ta, kuma jinkirin nan ya hana yaranta fara magani da wuri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran da ke ƙasa da 45, masu wasa da dariya, iyaye na ganin lafiya lau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma da ba ya cutarwa, kuma daga 5 ya kamata a nemi tushenta. Cutarwar a ƙwaƙwalwa take, sai an sa yaro makaranta ake ganewa. Don haka duk takardar sakamakon awo da na miƙa, sai na tambaya: ina ake niƙa, da wane turmi ake daka hatsi, kuma wane kwalli ake sa wa jariri?