Abin da zafin bazara ya koya mini kan na'urar gwajin tarin fuka

Na daɗe ina duba kakin masu tari da madubin ganin ƙwayoyin cuta kafin a kawo mana GeneXpert, na'urar gwajin tarin fuka. A shafa kaki a gilashi, a zuba rini, a busar, sannan in duƙa ina leƙe har idona ya yi ja. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin da ya rame, yana gumin dare, ko makaho ya ji tarinsa ya san ba lafiya ba, amma in rubuta ban ga komai ba. Madubi ba ya nuna ƙwayar sai ta yi yawa ƙwarai a cikin kakin.

Shi ya sa ranar da aka sauke na'urar na ji kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Kamfanin Cepheid na Kalifoniya a Amurka ne ya ƙera ta, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da gwajin a Disambar 2010. Aikinta ba wuya: ka haɗa kaki da ruwan maganin da ke zuwa da ita, ka girgiza, ka bar shi minti 15, ka ɗura a katirij, wato ɗan akwatin roba da ake sakawa cikin na'urar, ka rufe ƙofa. Kafin awa biyu kwamfuta ta gaya maka ko akwai cutar, har ma ko ta fi ƙarfin rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka, abin da a da sai an tura samfur wani gari an jira makonni.

Wani dattijo ne ya fara nuna mini darajarta. Sau biyu ina sallamarsa da madubi. Da na'urar ta kama cutar na ce masa, "Baba, an gano abin, kuma yana jin magani." Ya riƙe hannuna ya yi ta sa mini albarka.

Sai bazara ta shigo. Takardar na'urar ta faɗa ƙarara cewa ɗaki kada ya wuce digiri 30, katirij kuma a ajiye shi tsakanin 2 da 28. Mun karanta, amma ba mu ɗauke shi da nauyi ba. Na'urar sanyaya ɗakinmu ta tsaya, muka buɗe taga muka ci gaba da aiki, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe matatar iskar da ke bayan GeneXpert ɗin ba wanda ya taɓa wankewa. Gwaji ya fara katsewa. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, katirij ya tashi a banza, majinyacin da ya biya kuɗin mota daga ƙauye sai ya sake dawowa. Laifinmu ne, kuma har yau ina jin nauyin waɗannan mutane. Sai da muka sa sola da batir, muka liƙe tagogi, na rataye ma'aunin zafi a bango ina rubuta shi safe da yamma, sannan ta daidaita.

Daga baya na yi horo kan Truenat, wata na'urar gwajin tarin fuka ta kamfanin Molbio da ke Goa a Indiya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2020. Tana aiki da batir, tana jure zafi har digiri 40, ana iya ɗaukarta zuwa ƙaramin asibiti. Da gani ka san waɗanda suka ƙera ta sun san zafi da ɗauke wuta. Sai dai tana neman hannu: kai za ka tace samfurin a wata na'ura, ka ɗiga a kan ɗan faranti, kuma ɗigo ɗaya ya kauce aiki ya lalace.

Yanzu duk wakilin kamfanin da ya zo da sabuwar na'ura, kafin ya buɗe akwati nake tambayarsa zafi nawa take ɗauka, wa zai gyara ta in ta tsaya, kwana nawa zai yi kafin ya iso, kuma nawa ne kayan gwaji ɗaya. Na ƙarshen nan na fi matsa masa, don katirij ɗin GeneXpert ya shekara 11 a kan dala 9.98 kafin a sauke shi zuwa 7.97 a 2023, kuma kowane majinyaci nasa daban.