Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙaurin Waya a Saman Bosomtwe

Makon jiya na tsaya ne inda na zama mataimakin matuƙi. To, ban cika wata huɗu a kujerar dama ba Allah ya jarrabe ni.

Da hantsi muka tashi daga Kumasi za mu Akra, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Hunturu ne, hazo ya rufe ƙasa, da ƙyar nake hango Tafkin Bosomtwe. Sai hancina ya jiyo wani abu. Duk wanda ya tashi a unguwar Nima ta Akra, inda gida goma ke jan wuta daga waya ɗaya, ya san ƙaurin roba idan ta fara narkewa. Babu fitilar gargaɗi ko ɗaya da ta kama.

Kyaftin ɗina dattijo ne ɗan zangon Kumasi, mutum mara yawan magana. Na ce, "Baba, kana jin abin da nake ji?" Bai amsa ba, ya fizgo abin shaƙar iskar oksijin ya rufe fuska. Na bi sahu, muka murɗa shi zuwa kashi 100, muka sa tabaran kare ido. A lokacin ne siririn hayaƙi ya soma fitowa ta gefen gwiwata.

Ni a wautata so nake in leƙa in gano inda yake fitowa. Muryarsa ta zo ta cikin abin fuskar, a shaƙe kamar mai magana a tulu: "Yaro, bar nema. Ƙasa za mu." Tun 1998 aka daina wasa da wannan, shekarar da jirgin Swissair ya faɗa teku a gaɓar Kanada da mutum 229, wuta na cin wayoyi a saman rufin ɗakin matuƙa. Shi ya riƙe tuƙi ya juya Kumasi, ni na yi kiran neman agaji a rediyo, wato Mayday, sau uku, na sa lamba 7700 mai nuna wa masu kula da zirga-zirgar jirage cewa muna cikin gaggawa, na buɗe littafin gaggawa ina karantawa layi-layi, ina kashe duk na'urar da za mu iya sauka ba tare da ita ba. Yatsana na rawa, sai na dafa shi da ɗaya hannun.

Har yau ana tambayata me ya sa ba a sakar wa fasinjoji abin shaƙa. Nasu yana haɗa oksijin da iskar cikin jirgi ne, hayaƙin zai bi ya shiga, ga shi oksijin abincin wuta ne.

Muka sauka, motocin kashe gobara na biye da mu. Ashe wata 'yar fanka ce mai sanyaya na'urori ta ƙone, ba ta fi tafin hannu ba.

Da dare na isa gida ban ce komai ba. Hajiya ta karɓi rigata za ta rataye, ta shinshina, ta dube ni. "Kai, taba ka fara sha?"

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.