Kawu, ina ƙofar take?

Ranar Asabar ina cikin A Daidaita Sahu da ɗan ƙanwata, yaro ne ɗan shekara tara, aka zo Kabuga mai babur ya ce masu sauka a ƙofa, sai yaron ya waiwayo ya ce min, Kawu wai ƙofar gidan wa ake nufi? Na yi dariya amma wallahi abin ya tsaya min a rai, domin a wurinsa Kabuga gadar ƙasa ce da go-sulo da masu sayar da lemo, ba ruwansa da cewa ta nan Turawa suka fasa ganuwa suka shigo birnin Kano.

Ran 3 ga Fabrairu 1903 ne, Kanar Morland ya zo da sojojinsa da igwa, Sarki Alu kuwa ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Sun fara gwada ƙofar Dukawuya abin ya ƙi, sai suka juyo ƙofar Kabuga. Na gaya masa haka muna tsallaka titi, shi kuma hankalinsa na kan mai rake.

Badalar nan, wato ganuwar da ta kewaye birni, ba Sarki ɗaya ya gina ta ba. Gijimasu ne ya fara wajen 1095 zuwa 1134, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa, daga baya Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta ya kuma gina gidan sarautar da har gobe ake ce wa Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi. Duk da jar ƙasa da tubali fa, ba siminti ba rodi, a bayanta ga rami ga sarƙaƙiya, kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, in magariba ta yi a garƙame, wanda ya makara sai dai ya kwana a waje. Muna yara mun sha hawa samanta ta wajen Gadon Ƙaya muna zamiya a kan kwali, in ka koma gida wando ya yi ja sai bulala. Yanzu wurin da muke zamiyar shaguna ne da gareji, wani wajen masu ɗiban ƙasa sun cinye, wani wajen bola. Ƙofofin kuma an rushe da yawa an sake su da siminti saboda faɗin titi, sun yi kyau a hoto, ni dai ba sa ba ni komai.

Amma abin da ya fi burge ni ba katangar ba ce, sunayen unguwanni ne. Garin da ya kewaye kansa da ganuwa haka, kai ka ce ba ya son baƙo, sai ka shiga lungu ka ji Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Madabo ta malaman Wangarawa da suka zo tun zamanin Sarki Yaji, Sharifai da ake dangantawa da zuwan Shehu Maghili lokacin Rumfa. Dandalin Turawa ma mutane da yawa na zaton Turawan Ingila ne, alhali Larabawan da ke fatauci ta hamada daga wajen Tarabulus ne, su aka fara kira Turawa. Duk waɗannan a CIKIN badala suke, jikokinsu kuma yau su ne ke bugun ƙirji suna ce wa wasu baƙi, har da ni da kakana ya zo daga ƙauye da jaki.

Tsarin ware baƙo a bayan gari sosai sai bayan zuwan Bature da jirgin ƙasa, aka yi Sabon Gari, su kuma Turawan suka zauna Nassarawa da Bompai.

Da yamma na kai shi Dala. Mun hau matakalar yana ƙirgawa ni ina haki, a sama na nuna masa Goron Dutse da koren ƙubbar masallacin Sarki, na ce a nan Barbushe ya zauna tun kafin Bagauda. Na yi ta neman layin badalar in nuna masa da yatsa, sai guntu nan guntu can tsakanin rufin kwano. Ya ce Kawu waccan tudun ƙasar? Na ce ita ce. Ya ce to a sayo masa fiya wata, ƙishi yake ji.