Yau dai na hau Sukur

Yanzu na dawo masauki, ƙafafuna kamar ba nawa ba, amma bari in rubuta kafin bacci ya kwashe ni. Bayan asuba muka bar garin Gulak a jihar Adamawa muka nufi Sukur, wani tsohon gari da ke kan dutse, mota ta aje mu a gindin dutse wajen da suke ce ma Sukur Ƙasa, daga nan kuma sai sayyada. Ni da na zo da kambas sabo fil ina ta haki kamar ragon layya, sai ga wata tsohuwa da kaya a ka da silifas ta wuce ni fuu, har tana ce min sannu ɗana. Na ce yawwa Mama, kunya kamar in nutse.

Hanyar ce ta fara kashe min jiki. Faffaɗan duwatsu ne aka shimfiɗa aka jera tun daga ƙasa har sama, ba siminti ba komai, kuma sai yanzu na gane me ya sa UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999, shi ne ma na farko a duk Najeriya, mu kuma muna nan Adamawa a hancinmu bamu taɓa zuwa ba. Gonakin mutanen garin ma hawa hawa suke a jikin dutse, an tare kowanne da jerin duwatsu don kar ruwa ya wanke ƙasar.

Fadar sarkinsu, Hidi suke ce mishi, ita ma dutse ne kan dutse. Na daɗe ina shafa katangar ina neman abin da ya riƙe ta, wallahi ba komai sai iya jeri. Dattijon da ya zaga da mu ya nuna mana ramin da ake kiwata bijimi a ciki har ya yi ƙiba, da wurin da kakanninsu ke narka tama, don da ƙarfe ne arzikin garin, fartanya daga nan ake kai wa ƙasashen kewaye.

Na ce Baba, me ya hana ku sauka ƙasa ku huta? Dariya kawai yayi ya kawo zancen Hamman Yaji, hakimin Madagali na wancan zamani, wanda ya riƙa kawo hari duwatsun nan yana kama bayi har Turawa suka tuɓe shi a 1927. Shi ma ashe kundi yake ajewa irin wannan nawa, sai dai nashi lissafin mutanen da aka kamo ne. Jikina yayi sanyi. Ga kuma 2014 da ƴan Boko Haram suka hau suka ƙona gidaje, jinka ta cinye, katangun dutsen suna nan.

Saukowa ta fi hawa wuya ashe, gwiwa sai rawa take. Gobe in na iya tashi sai in nemi man zafi.