Talata: ni da tsoho Adams

Yau tun asuba babu wuta, sai da na kai wayata caji shagon gefen masallaci sannan na zauna kan aikin da aka ba mu a makaranta game da manufar Monroe ta 1823, wato gargaɗin da shugaban Amurka James Monroe ya yi wa ƙasashen Turai kada su ƙara kafa mulkin mallaka a nahiyar Amurka. Niyyata awa ɗaya in gama in tashi, wallahi har aka kira la'asar ina kan tabarma, shayin ma ya huce ban sha ba, kuma ba Monroe ɗin ne ya riƙe ni ba, sakataren harkokin wajensa ne, John Quincy Adams, wanda ashe shi ne ya tsara yawancin abin.

Mutumin nan tun yana ɗan shekara 14 aka tafi da shi Rasha yana yi wa jakadan Amurka tafinta da Faransanci. Daga baya shi ma ya yi jakada a Holand da Furushiya (wata tsohuwar masarautar Jamusawa) da Rasha da Ingila, yana cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar Ghent a 1814 da ta kashe yaƙinsu da Ingila, a 1819 kuma ya karɓo Florida daga hannun Sifen a kan tebur. Ya hau shugabancin ƙasa a 1825, Andrew Jackson ya kayar da shi a zaɓen 1828.

To daga nan ne abin ya kama ni. Maimakon ya koma gida ya miƙe ƙafa, sai ya sake tsayawa takara ya dawo ɗan majalisar wakilai daga Massachusetts a 1831, shekara 17 yana nan, yana ta kai wa majalisa takardun koken mutane kan bauta duk da dokar da aka kafa ta hana a saurare su, ana masa ihu ana barazanar hukunta shi bai fasa ba, har aka soke dokar a 1844.

Bayan magariba na ba Baba labari yana jan carbi. Ya ce, "Ɗan nan, shugaban ƙasa guda ya koma ɗan majalisa?" Na ce Baba ai ba ku ji komai ba. Na faɗa musu zancen jirgin Amistad, 'yan Afirka 53 yawancinsu 'yan ƙabilar Mende daga Saliyo, waɗanda aka sato, suka yi tawaye a teku a 1839 Sengbe Pieh na gaba, aka kama su aka tsare a Amurka. Tsohon nan yana da shekara 73 ya tsaya gaban kotun ƙoli a 1841 ya yi magana sama da awa 8 cikin kwana biyu, kotu ta ce 'yantattu ne, mutum 35 da suka rage suka koma gida. Baba ya ajiye carbin ya yi shiru, can ya ce sauran fa, suna ina. Na ce sun rasu, wasu a teku wasu a tsare. Ni kaina sai da muryata ta yi rawa.

A zauren majalisar ya yanke jiki ya faɗi a Fabrairun 1848, bayan kwana biyu ya cika a cikin ginin. Kuma shi ma kundi yake rubutawa irin wannan nawa, tun yana ɗan shekara 12 har ƙarshen rayuwarsa.

Har yanzu layi uku kawai na rubuta a aikin, kuma jibi za a karɓa. An kawo wuta yanzun nan, bari in jona waya in ci gaba.